Randar da Ke Ƙarƙashin Fijo

Ba a kwalfar ruwa daga gindin randa a miƙa wa baƙo. Wannan ko yarinyar da ta fara tasawa a Kademi ko Toranke ta sani. Na rijiya ne ko na burtsatse, in an juye shi da safe sai a bar shi ya kwanta, laka da yashi su sauka ƙasa, a riƙa ɗiba da moɗa daga sama a hankali. In ya ja baya, uwar gida ta karkata randar, ta kwashe guntun ta zuba a gindin bishiya, ta sa soso ta dirje cikin, ta ɗauraye, sannan a zuba sabo. Ba ta jira sai wani ya yi ciwon ciki.

Mota kuwa daga gindin randarta take sha. Bakin bututun da ke jan mai zuwa inji yana can ƙasan tanki, tazararsa da daɓen ba ta wuce kaurin yatsa ba, domin da a sama yake da rabin man ba zai shawu ba. Babu kuma mai barin man ya kwanta, kowane rami a hanya girgiza ne. Ga shi randa ce da ba a wankewa. Fijo 504 da ta fito daga Kaduna a 1982, in har tankinta na asali ne, to shekara arba'in da ɗoriya ke nan ana ɗura mata daga gidan mai, daga jarkar 'yan bumburutu, daga galan ɗin da aka ɗauraye bai gama bushewa ba, kuma babu wanda ya taɓa haska tocila ya leƙa ciki.

Irin waɗannan motoci ba su ƙare ba a gabashin Kano. Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, shekara ta zagayo aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a kan hanyoyin da ba su fi na ƙauyukanmu kyau ba. A shekarar ce kuma masana'antar PAN ta Kaduna ta fara harhaɗa Fijo a ƙasar nan, aka yi ta fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turawan da suka ƙirƙiro ta sun daɗe da barinta. Ita ce motar babban sakatare, ita ce ta alƙali, doguwarta mai layi uku ita ce ta haya daga Kano a bi ta Wudil a shiga Gaya, akori-kurarta kuma ta buhunan gyaɗa da gero. Yau waɗanda suka rage kashi biyu ne. Akwai masu neman abinci har yanzu, waɗanda za ka gani ranar Juma'a sun ɗauko awaki daga wajen Ajingi sun nufi kasuwar Wudil. Akwai kuma waɗanda ke fake a gindin darbejiya a gidajen gado, tayoyi sun nutse a ƙasa, har wata rana ɗaya daga cikin 'ya'yan marigayi ya sami buɗi ya ce motar Baba sai ta tashi.

Shi irin wannan ɗan, fenti yake fara tunani, sai kujeru, sai inji. Tanki ba ya zuwa masa a rai, don ba a ganinsa. Sai ranar da aka gama komai, mota tana ƙyalli, aka hau kwalta, aka yi 'yar tafiya, ta fara shaƙewa tana fizga, ta mutu a gefen hanya. A jira minti goma, a yi ki, ta tashi kamar ba ita ba. Wannan ciwon duk wani tsohon direba ya san shi. Ɓawon tsatsa ne ya taso ya manne a bakin bututu saboda zuƙar famfo, da inji ya mutu zuƙar ta saki sai ya faɗa ƙasa, yana jiran girgiza ta gaba. Bakanike zai zare tiyo ya sa baki ya hura, a ji ɓulɓul a tanki, ya wanke kafireta, ya karɓi nasa. Gobe a sake. Daga nan ne ake kaiwa ga abin da muke gani a hanya, jarka ɗaure a saman mota ko tsakanin ƙafafun yaron mota, da siririn tiyo ya zuro ta taga zuwa inji. In kuma tankin ya fara ɗiga, a goga masa sabulun wanki. Dabarar tana ci, don fetur ba ya narkar da sabulu, amma ruwa yana narkarwa, kuma kududdufin farko na damina zai tafi da shi.

To daga ina ruwa ke shiga tankin da ke rufe? Randa ta waje take gumi, shi ne ma alherinta, wannan tsatsafowar ce ke sanyaya ruwan. Tanki ta ciki yake nasa. Duk litar da inji ya sha, litar iska ce ta maye gurbinta, iskar watan Agusta kuwa jiƙe take. Dare ya yi, ƙarfe ya yi sanyi, raɓa ta kwanta a bangon ciki ta gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, litar fetur ba ta kai gram 750 ba, ta ruwa kilo guda ce cif, saboda haka ruwan ƙasa yake tafiya ya zauna. Masu ƙera tankunan da sun san haka, shi ya sa suke shafe ƙarfen da haɗin dalma da kuza, amma shafe yana da iyakar kwana. Motar da aka ajiye shekara goma da rubu'in tanki ta fi wadda ke aiki kullum ruɓewa. Sai kuma abin da ake sayar mana. A watan Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da kima, layukan mai suka dawo, injuna suka lalace. Shi wannan sinadari jan ruwa yake, yana cin shafen dalma, yana kumbura tsofaffin robobi. Sabuwar mota mai tankin roba ta sha da sauƙi a wannan ɓangaren. Tsohuwa kuwa ta ajiye abin a cikinta.

Mai motar da tankinta ya ruɓe yana da hanya uku. Ya shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya nemo na gwanjo. In an dace an dace, amma na gwanjon ma sa'an wanda aka cire ne, randar wani gida ce da ba ka san abin da aka zuba mata ba. Ko ya sa a wanke nasa: a sauke shi, a zuba tsakuwa ko tarin notina da ruwan omo, mutum biyu su kama su yi ta jijjigawa, a zubar da jan ruwa, a maimaita har ya fito fari. In ƙarfen da sauran nama, wannan ya isa, kuma shi ya fi kiyaye asalin motar. Sai dai sau da yawa tsatsar ce ke toshe hujin da ita ta yi, ana gama wankewa a ɗaga shi a rana sai a ga haske yana shigowa ta wuri ashirin. A nan ne mutane ke cewa a kai wa mai walda ya ɗan taɓa.

Wannan ɗan taɓawar ita ce mafi hatsari a duk aikin, kuma a nan randa da tanki suka raba hanya. Randa in babu komai cikinta ba ta cutar da kowa. Tanki kuwa wanda babu mai a ciki ya fi cikakke mugunta. Ba ruwan fetur ne ke kamawa ba, tururinsa ne, kuma sai ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari. A cikakken tanki tururin ya yi kauri da yawa, iska ba ta isa ba. A tankin da aka juye kuwa, cokali ɗaya ko biyu na shayi da ya maƙale a ɗinki ko a ƙarƙashin tsatsa ya isa ya cika lita sittin da haɗin da tartsatsi guda zai mayar bindiga. Tankin da ya shekara a rana ma yana iya yi, don da wuta ta ɗumama ƙarfen sai busasshen daskararren man ya sake fitar da numfashi. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu dogon bayani kan fetur, ga Majiya nan a Jigawa, inda tankar mai ta kama a Oktoban 2024 ta tafi da mutum sama da 150. Allah Ya jiƙansu.

Na ga masu walda da ke sa tiyo daga salansar wata mota zuwa cikin tanki, wai hayaƙin ya kori tururin. Ba na tsayawa kusa da su. Hayaƙin tsohon inji cike yake da man da bai ƙone ba. Masu hankali wanke shi suke da ruwan zafi da omo sau da yawa, sannan su cika shi da ruwa har dab da wurin da za a taɓa, a bar murfi a buɗe. Masu gyaran lagireto sun fi kowa wayo, a nesa suke gasa ƙarfen liƙi su zo da shi su narka dalma a kan hujin, harshen wuta bai kusanci tankin ba. Amma ko an tsira da rai, facin da aka yi a ruɓaɓɓen ƙarfe faci ne na wata uku. Ra'ayina, in hujin ya wuce biyu ko uku, a bar wahalar da kai, a bi hanya ta uku, a ƙera sabo.

Ƙira kuwa ba baƙuwa ba ce a Gaya. Labarin da aka gada ya ce a nan Bayajidda ya tsaya maƙera suka yi masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, kuma daga nan Abagayawa suka tashi neman tama har suka zauna a gindin Dala. Ko me masana tarihi za su ce kan labaran, hannu dai yana nan. Wanda ke yin ƙofar ƙarfe da tankin ruwa da bodin kura, zai iya lanƙwasa falan ƙarfe ya ɗinke shi. Inda ake samun matsala shi ne a ɗauka tankin mota akwati ne kawai mai baki. Ba haka ba ne, kuma mai koyar da darasin shi ne tsohon tankin da ake shirin jefar wa 'yan gwangwan. Kada a sayar da shi sai an gama. Bayan an wanke shi sarai, a yanka samansa da almakashin ƙarfe, ba da giranda ba, a buɗe a duba. Duk lanƙwasa da ke jikinsa tana kauce wa wani abu ne a ƙarƙashin motar, duk ƙarfen da ke ciki akwai dalilinsa.

Abin da zai fara ba mutum mamaki shi ne shingayen da ke ciki. Dubi yarinya ta ɗauko bokiti cike daga rijiya. Kafin ta aza a gammo, sai ta tsinko 'yan rassan ganye ta jefa a kan ruwan, ko ta kifa ƙaramin ƙoƙo. Ba ado ba ne. In babu su, taku uku za ta yi ruwan ya fara kai-komo, yana ƙara ƙarfi da kowane taku, har ya fallatso mata a wuya ya karkatar da kanta. Ganyen yana karya wannan kaɗawar tun tana ƙarama. Shingen cikin tanki aikinsa ke nan. Lita sittin ta fetur kusan kilo 45 ce, in direba ya taka burki duk nauyin ya ruga gaba ya daki bango, in ya sha kwana ya koma gefe guda ya bar bakin bututu yana zuƙar iska. Tankin da aka ƙera babu shinge, za ka ji shi yana bugu a baya kamar ana daka, ɗinkinsa zai tsage da wuri, motar kuma za ta riƙa shaƙewa a kwana alhali geji na nuna da sauran mai. Shinge biyu a tsaye sun isa tanki irin na Fijo. A yanke kusurwoyinsu na ƙasa don mai ya ratsa a hankali, a bar ƙofa a sama don iska ta wuce, in ba haka ba ɗaki ɗaya zai cika a gidan mai sauran suna wayam.

Sai numfashi. Kowa ya taɓa tuntsurar da tulu mai ƙaramin baki ya ji yadda ruwan ke fita da gardama, ɓul, ɓul, yana tsayawa iska ta shiga sannan ya ci gaba. Tankin da aka rufe ruf babu mashigar iska haka yake yi wa famfo. Mota ta yi tafiyar rabin awa ta mutu, a buɗe murfi a ji ya ja iska fuu, ta tashi. An sha sauya kafireta da famfo da filogi a kan wannan, alhali laifin na murfin da aka aro daga wata mota ne. A wasu tankunan mashigar iskar a murfi take, a wasu siririn bututu ne daga saman tanki, a ɗaga shi sama ya wuce bakin zuba mai sannan a lanƙwaso shi ƙasa, a waje, nesa da salansa. Ba a barin bakinsa cikin but. Haka kuma ba a cika randar mota har baki. Fetur yana kumbura da zafi, kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Man da ya fito da sanyinsa daga rijiyar gidan mai, aka ajiye motar a ranar Afrilu ta Gaya da ke haura digiri 40, lita sittin za ta nemi wurin kusan lita guda ƙari. Shi ya sa ake zura wuyan zuba mai ya ɗan leƙa cikin tanki, yadda zai ce ya cika alhali akwai sarari a sama, kamar kashi biyar zuwa goma cikin ɗari.

Awo ba wuya. Tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da dubu, lita ke nan: 80 da 50 da 15 sun ba da sittin. Amma kafin a taɓa ƙarfe, a yi shi da kwali tukuna. A yanka, a manne, a shiga ƙarƙashin mota a gwada, a sa mutum huɗu su zauna a baya a ga inda ya taɓa. Kwali ba ya tsada. Shi kuwa ƙarfen, kaurin milimita 1.2 zuwa 1.5 ya isa. Wasu na son farin ƙarfe mai shafen tutiya irin na kwanon rufi don ba ya tsatsa, sai dai wuta tana ƙone shafen a daidai ɗinkin, wurin da aka fi bukatarsa, hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta hana komai, a yi shi a fili inda iska ke kaɗawa shi ne magani. Sanholo ba ya tsatsa kuma ba nauyi, amma sai an ninka kauri, sai waldar agon, wadda yawanci sai an shiga Kano, ga shi yana tsagewa in an ɗaure shi a sandare a hanyar da ke da gargada. Ga motar da za ta riƙa shiga Balare da Gafasa da damina, baƙin ƙarfe mai kyau na fi yarda da shi, a shafe cikinsa da abin shafe da fetur ba ya ci. Fentin gida ba ya cikin lissafi, narkewa zai yi ya tafi kafireta.

Gwani yana rage ɗinki. Maimakon ya yanka fala shida ya haɗa, sai ya lanƙwasa fala ɗaya ta zama ƙasa da gefe biyu, don duk inda babu ɗinki babu yoyo. Yana buga 'yan layuka a faɗin falan don ta yi ƙarfi kada ta riƙa ɓam-ɓam. Ba ya jan walda daga wannan kusurwa zuwa waccan a tashi ɗaya, zafi zai murɗe ƙarfen. Ɗigo yake yi nan, ya tsallaka can, ya dawo, yana bari ya huce. Ga siririn ƙarfe waldar kabaid ta fi ta lantarki biyayya, ita ta lantarki ɓula shi take yi. Kuma a ƙasan tankin yana yin ɗan kwari, wurin da ya fi ko'ina zurfi, ya sa noti mai murfi a nan. Wannan shi ne abin da uwar gida ke yi in ta karkata randa. Sau ɗaya a ƙarshen damina a kwance notin, a tsiyaye kofi guda a kwalba, a ga ruwa kwance a ƙasa da baƙin gari, a mayar. Bakin bututun inji kuma a ɗaga shi kamar santimita ɗaya daga daɓe, a sa masa 'yar rariya, yadda zai sha mai ya bar laka. Wurin geji a kwafe shi daga tsohon tankin, hujin notina da zurfi duka, a tabbata hannun da ke ɗauke da abin da ke yawo a saman mai ba ya karo da shinge. In zurfin tanki ya sauya, sai an sauya tsawon hannun, in ba haka ba allura za ta riƙa yi wa direba ƙarya.

Mai sayen randa a kasuwa ƙwanƙwasa ta yake da yatsa ya kasa kunne, in ta yi ƙara garau lafiya, in ta yi dum akwai tsaga. Tanki ba ya faɗar gaskiya da ƙwanƙwasa, kuma cika shi da ruwa ma bai isa ba, don fetur yana bin hujin da ruwa ba ya bi. Na kalli wani dattijon mai walda yana gwada nasa. Ya jiƙa alli ya shafe duk ɗinkin ta waje, ya bar shi ya bushe fari fat, sannan ya zuba kananzir a ciki ya jujjuya, ya ajiye a inuwa ya tafi sallar Azahar. Da ya dawo, a kusurwa guda allin ya yi wani ɗan tabo mai duhu, bai fi ƙwayar gero ba. Ya zagaye wurin da ƙusa. Wasu kuma toshe ƙofofin suke su ba shi iska da famfon keke, su bi ɗinkin da ruwan sabulu suna neman kumfa. Famfon keke, ba injin mai faci ba. Tanki mai faffaɗan gefe iska kaɗan ke kumbura shi, wanda ya ba shi irin ta taya zai ga akwatinsa ya zama tulu.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura dubu a shekarar da ta biyo, kusan duk wanda ya zo ƙera tanki da roƙo ɗaya yake zuwa.

"Malam, tunda sabo za a yi, a ƙara masa ciki mana. Ya ɗauki ɗari, in na samu da sauƙi a birni in cika."

"Alhaji, ai ba ƙarfen ne matsala ba. Ina za mu sa shi?"

"A sauke shi ƙasa kaɗan."

"Ranka ya daɗe, hanyar garinku fa? Kututture ɗaya zai buɗe shi."

Gaskiyar mai walda ce. Tankin 504 salun na asali lita 56 yake ɗauka, kuma wurin da aka yi masa daidai shi ne. Ana iya samun ƙarin lita goma ko sha biyar in an cike wasu lunguna, ba laifi. Amma lita ɗari kilo 74 ce ban da nauyin ƙarfe, a rataye a bayan tayoyin baya, a kan madaurin da aka yi don rabin haka. In an sauke shi ƙasa dutse ya samu, in an matsa gefe salansa ta gasa shi, in an ja baya ya zama shi ne abin da zai fara karɓar duka in an daki motar. Amurkawa sun ga wannan da motar Ford Pinto, wadda tankinta ke tsakanin tayoyin baya da bamba, ana bugunta ta baya take kamawa, har a 1978 kamfanin ya janye motoci kusan miliyan ɗaya da rabi don gyara. Su da injiniyoyinsu ke nan. Ga wani abu kuma: babban tanki a tsohuwar Fijo sananniyar alama ce ta masu tsallakar da mai zuwa Nijar, jami'an kwastan sun san shi tun kafin a hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a 2019. Wanda ya nufi Maigatari da irinsa ya shirya dogon bayani.

Gyaran da ya fi wannan ma'ana shi ne na waɗanda suka sauya inji. Da yawa sun cire na Fijo sun dasa na wata motar Japan mai injekta. Tsohon inji da ɗan famfonsa a jikinsa yake zuƙo mai, kafireta kuma tana da ɗan kofinta na ajiya, in bututu ya sha iska na daƙiƙa biyu ba ta ma sani ba. Injekta ba ta da wannan haƙurin. Famfon lantarki take so mai turo mai da ƙarfi, da bututu na biyu da zai mayar da ragowar tanki, kuma in famfon ya zuƙi iska inji ya yanke nan take, shi kansa famfon ya ƙone don man ne ke sanyaya shi. Saboda haka a irin wannan tankin ana gina ɗan ƙaramin akwati a ciki kewaye da bakin famfo, mai 'yan huji a ƙasa, a juyo bututun dawowa ya zuba cikinsa, yadda ko mai ya gudu gefe shi yana cike. Wayoyin famfon kuma ta murfin da aka yi don haka za su fita, ba ta hujin da aka ɓula da ƙusa aka toshe da gam ba.

Ɗaurawa ma aiki ne. Ba a ɗinke tanki a jikin mota da walda, jikin mota murɗawa yake a hanya, tankin zai tsage. Madauri biyu na ƙarfe ake sawa, a shimfiɗa yankin roba tsakaninsu da tankin, tsohon tub ɗin taya ma ya yi. A ja waya daga jikin tankin zuwa jikin mota, don geji ya yi aiki kuma kada tartsatsi ya taru. In salansa na kusa, a sa fala tsakani.

Sannan kada a zuba ruwa mai kyau a moɗa mai datti. Tsatsar shekara arba'in ba a tanki kaɗai ta tsaya ba, tana cikin bututun da ya bi ƙarƙashin mota har gaba, tana cikin famfo, tana ƙasan kafireta. A busa bututun ƙarfen ko a sauya shi, a zubar da duk tsohon tiyo a sa na mai, ba tiyon ruwa mai haske da ake sayarwa a kasuwa ba, wanda fetur ke sandarar da shi cikin 'yan watanni. A sa sabuwar filta irin mai gilashi kafin famfo, inda ido zai riƙa ganinta, a sauya ta bayan cikon farko da na biyu, don duk tsabtar mai walda sai an sami ɓurɓushin ƙarfe. Zubin farko kuma lita goma-goma ake yi, ana duba allura ana leƙa ƙasa, a rubuta inda ta tsaya a kowane zubi, don direba ya san in ta taɓa ja lita nawa ta rage masa tsakanin Ajingi da gidan mai na gaba.